Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin Da Ke Ɓata Wa Masu Tsara Manhaja Rai Game Da Na'urorin Zamani

Idan makaniki ya shiga motar haya, ya fi sauran fasinja shan wahalar tafiya, domin kuwa su ƙara kurum suke ji, shi kuwa ya san kusar da ta kwance, ya kuma san cewa da direba ya so, da an ɗaure ta tun a tasha. To, haka al'amarin yake ga masu tsara manhaja, watau mutanen nan da sana'arsu ita ce rubuta umarnin da kwamfuta da wayar hannu suke bi. Su ma suna cika fom, suna tura kuɗi ta waya, suna sayen tawadar firinta kamar kowa. Bambancinsu da mu shi ne, duk sa'ad da na'ura ta ƙi yin abin da aka saye ta dominsa, mu kan zargi kanmu da rashin iyawa, su kuwa sukan hango hannun mutumin da ya tsara ta a haka. Saboda haka kukansu ya cancanci a saurara, don yana nuna mana inda laifin yake.

Firintar Da Ta Haifi Wani Yunƙuri

Wannan kuka ya daɗe. Wajen 1980, a ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT da ke Amurka, akwai wani mai tsara manhaja da ake kira Richard Stallman. An kawo musu sabuwar firinta ƙirar Xerox, mai sauri ƙwarai, amma takarda takan maƙale a cikinta, kuma ga shi ba a kusa da masu aiki aka ajiye ta ba. Mutum zai aika aiki, ya yi ta jira, in ya je ɗauka ya tarar tun ɗazu ta tsaya. Tsohuwar firintarsu ma tana da irin wannan hali, sai dai sun gyara manhajarta yadda za ta sanar da mutane in ta maƙale. Da Stallman ya nemi asalin rubutun manhajar sabuwar don ya yi mata irin wannan gyara, sai aka hana shi, wai sirrin kamfani ne.

Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya sanar da fara aikin GNU, wanda manufarsa ita ce samar da manhajar da kowa ke da ikon dubawa, da gyarawa, da rabawa. A ƙarƙashin lasisin da ya tsara ne aka saki Linux, kuma a kan Linux aka gina Android, wadda take cikin mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a. Ita kuwa firinta ba ta canja hali ba. A 2016 masu wasu firintocin HP suka wayi gari na'urorinsu sun ƙi karɓar tawadar da wani kamfani dabam ya yi, alhali kuwa jiya-jiya da ita suke aiki. Ba abin da ya lalace a jikinsu, umarni ne kawai aka dasa cikin manhajarsu.

Sunanka Bai Karɓu Ba

Mai karatu, in sunanka Sa'idu, ko Mu'azu, ko Isma'ila, ko Asma'u, wataƙila ka taɓa cika fom a kwamfuta aka ce maka akwai kuskure a sunanka. Sunanka lafiya lau yake. Abin da ya faru shi ne, a harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana, ɗan waƙafin nan na sama shi ne alamar da ke nuna farkon magana da ƙarshenta. In aka zuba sunan Sa'idu ba tare da kula ba, sai na'ura ta ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", sauran kuma wani umarni ne. Maganin wannan sananne ne ga duk wanda ya koyi sana'ar, kuma ba ya cin lokaci. Amma malalacin ma'aikaci ya fi ganewa ya haramta alamar baki ɗaya. Mutanen ƙasar Ailan masu suna irin su O'Brien sun daɗe suna fama da wannan cuta. A 2010 wani mai tsara manhaja, Patrick McKenzie, ya jera zato 40 marasa tushe da abokan sana'arsa ke yi game da sunayen mutane, ciki har da zaton cewa kowa yana da suna na farko da na iyali, da zaton cewa suna ba ya canjawa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar nan. Tun da aka soma rajistar BVN a 2014, aka kuma umarci a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, ya zama dole sunan mutum ya yi daidai a rumbuna dabam-dabam. Idan wani rumbu ya rubuta Sa'idu, wani ya rubuta Saidu, na uku kuma ya raba sunan gida biyu, mai sunan ne zai bar kasuwarsa ya bi layi, har da rantsuwa a kotu, don gyara kuskuren da ba shi ya yi ba.

Haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, su ma ba su tsira ba. Suna nan cikin Unicode, babban jadawalin haruffan duniya da aka fara fitarwa a 1991, amma har yanzu akwai manhajojin da ke mayar da su alamar tambaya ko ɗan akwati. Har ila yau, saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne in an yi amfani da haruffan da aka tanada tun asali. Da zarar ka sa ƙ guda ɗaya, sai wayar ta koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, har saƙon mai harafi 150 ya tsage gida uku, a caje ka kuɗin uku. Ga ɗaya daga cikin dalilan da suka sa jama'a suka saba rubuta baki a wurin baƙi, da kasa a wurin ƙasa.

Kalmar Sirri Da Ƙofar Fita

Kowa ya san jarabar kalmar sirri: sai ka sa babban harafi, da lamba, da wata alama, bayan wata uku kuma a ce ka sake sabuwa. Wannan ƙa'ida ta yaɗu ne daga wata takardar shawara da wani ma'aikacin hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, mai suna Bill Burr ya rubuta a 2003. Da tafiya ta yi tafiya sai aka gane cewa mutum in an matsa masa, ɗan sauyi kaɗan yake yi, ya mayar da 1 ta koma 2, ko ya rubuta kalmar a takarda ya manna a jikin tebur. A 2017 hukumar ta janye shawarar, ta ce doguwar kalma mai sauƙin tunawa ta fi, kuma kada a tilasta canji sai in akwai alamar an sace ta. Shi kansa Burr ya shaida wa jaridar Wall Street Journal a wannan shekara cewa ya yi nadama. Duk da haka ofisoshi da yawa suna nan kan tsohuwar dokar, abin da ke sa mai tsara manhaja cizon yatsa.

Wancan dai jahilci ne da sakaci. Akwai kuma wanda da gangan ake yi. A 2010 wani Baturen Ingila, Harry Brignull, ya raɗa wa irin wannan dabara suna mai ma'anar tsarin yaudara: ƙofar shiga a buɗe wagege, ta fita kuwa a ɓoye. A 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kai kamfanin Amazon ƙara, tana cewa mai son fita daga tsarin biyan kuɗi na Prime sai ya ratsa shafi huɗu, ya latsa sau shida, ya tsallake zaɓi 15. A cikin kamfanin ma, sunan da suka sa wa hanyar fitar shi ne Iliad, sunan doguwar waƙar yaƙin nan ta Girkawan da. A 2025 Amazon ta yarda ta biya dala biliyan 2.5 a kashe maganar, ba tare da ta amsa laifi ba. Duk wanda aka taɓa zaftare wa kuɗin kati saboda waƙar kira ko saƙon da bai nema ba, ya san ɗanɗanon abin. Yawan ƙorafi ne ya sa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta fito da lambar 2442 a 2016 don toshe saƙonnin da ba a so.

An Cire Kuɗi, Ba Su Isa Ba

Babu takaicin da ya fi ci wa ɗan Nijeriya tuwo a ƙwarya kamar a cire masa kuɗi a asusu amma wanda aka tura wa bai gani ba, musamman a farkon 2023, lokacin da canjin fasalin Naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Mai tsara manhaja ya san yadda abin ke faruwa. Saƙo yakan tashi daga bankinka, ya bi ta wata cibiya a tsakiya, ya isa bankin mai karɓa, sa'an nan amsa ta dawo. In amsar ta ɓace a hanya, bankinka ba shi da tabbacin ko kuɗin sun shiga ko ba su shiga ba. Yankewar layi ba wanda ya isa ya hana ta. Abin da ke hannun banki shi ne ya tsara manhajar da za ta bi sawun kowace hada-hada da lambarta, ta daidaita lissafi, ta mayar da kuɗin da kanta. Wannan aiki yana cin kuɗi, shi kuwa mai asusu in ya bi layi a banki, ba a aljihun banki asarar take ba. Shi ya sa a 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sa baki, ya ba da umarni cewa in na'urar ATM ta bankinka ce ta riƙe kuɗinka a mayar nan take, in ta wani banki ce cikin awa 48, in kuwa POS ce cikin awa 72.

In Ɓera Da Sata

To, amma fa kada mu manta, duk waɗannan abubuwa masu tsara manhaja ne suka rubuta su da hannunsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uzurinsu shi ne, ba su ke yanke shawara ba: manaja ne ke sa ranar da dole a gama aiki, shi ke cewa a bar gyaran fom a yi abin da zai kawo riba, kuma sau da yawa a kan tsohuwar manhajar da masu rubuta ta suka daɗe da yin ritaya ake ɗora sabuwa. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, ko da yake bai wanke wanda ya haramta sunan Asma'u don kasala ba.

Abin lura shi ne, duk inda hukuma ta tsaya tsayin daka, abin da aka ce ba zai yiwu ba yakan yiwu. A ƙarshen 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyin iPhone, yana mai cewa don kada raunin batir ya riƙa kashe su ne. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Haka kuma Tarayyar Turai, bayan ta ƙiyasta cewa ana zubar da cajar waya kimanin tan 11,000 kowace shekara, ta kafa doka a 2022 cewa daga ƙarshen 2024 duk sabuwar waya sai ta zo da bakin caji iri ɗaya, watau USB-C. Tun a 2023 Apple ya bi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan fom ya ƙi sunanka, ko aka riƙe maka kuɗi, kada ka ce kai ne ba ka iya ba, ka yi shiru. Ka ajiye shaidar abin da ya faru da ranar da ya faru, ka kai kuka ga kamfanin, in bai saurara ba ka wuce gaba. Maganar waya tana da lambar 622 ta NCC, maganar kuɗi tana da sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ga kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Hukumominmu kuma, kafin su karɓi kowace manhaja daga hannun ɗan kwangila, ya kamata su gwada ta da sunayen mutanen da za su yi amfani da ita, su tabbata ta san Mu'azu, ta kuma san Ɗanladi.