Sanyin Hunturu da Batirin Motar Lantarki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zancen mota da keke masu aiki da lantarki ya shiga majalisun direbobi, har a garuruwa irin Ashige da ke kan hanyar Lafia zuwa Shendam. Sai dai wasu sun ja da baya da suka ji labarin Chicago ta Amurka, inda a Janairun 2024 motocin Tesla suka yi cirko-cirko a wuraren caji saboda tsananin sanyi. To, idan hunturu ya kama, mu ma haka za ta same mu?

Labarin gaskiya ne, dalilinsa kuma yana cikin batir. Batirin litiyam, ma'adinin nan da aka buɗe masana'antar sarrafa shi a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024, yana ɗauke da wani ruwa da ƙwayoyin lantarki ke ratsawa. Sanyi kan sa ruwan ya yi kauri, kamar yadda manja ke daskarewa a kwalba da asubahin hunturu. Sai tafiyar ƙwayoyin ta yi nauyi, mota ta rage ƙarfi, caji ya riƙa shiga a hankali.

Amma babban mai cinye wutar hita ce. Motar fetur tana ɗumama cikinta da zafin inji, wanda dama a banza yake tafiya, ita kuwa ta lantarki daga batir take ɗiba. A gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019, a sanyin da ya kai kusan digiri 7 ƙasa da sifili, nisan tafiya ya ragu da kashi 12 cikin ɗari, amma da aka kunna hita sai ragin ya kai kashi 41.

Sanyin Lafia bai ko kama hanyar wannan ba. Don haka idan abin hawanka ya yi sanyin jiki a watan Disamba, kada ka yi saurin ɗora wa batir laifi. Fara da taya. Iskar taya na raguwa idan gari ya yi sanyi, taya mai laushi kuwa cin caji gare ta. Mai faci zai gwada maka cikin minti biyu. Sannan ka duba ƙura. Mai caji da sola ya shafa farantin da yatsa: jar ƙurar da ta kwanta a kai, ga kuma hazo, sun isa su hana batir cika. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12 da ke tayar da na'urorin motar. Idan ya tsufa, safiyar sanyi ce ke tona masa asiri, mota ta ƙi tashi alhali babban batir cike yake.

Mai hawa Jos kuwa, inda sanyi ya fi na Lafia, ya ɗumama motar tun tana jone da wuta, ya kuma sa caji da zarar ya isa, kafin batir ya huce.

Ni dai abin da ya fi damuna zafin Maris da Afrilu ne. Ƙarfin da sanyi ya riƙe yana dawowa idan rana ta ɗaga, amma zafi tsufar da batir yake yi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Duk mai shirin sayen irin wannan mota ko keke a Ashige, ya fara tanadar mata rumfa, ya kuma guji yin caji a tsakar rana.