Sinadarin Beriliyam: Sunansa, Gaurayensa da Amfaninsa

1.0 Gabatarwa

Masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya cikin Hausa sukan zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu, wato aron kalma ko kuwa raɗa wa abu suna bisa wata sifa tasa. Wannan maƙala za ta dubi beriliyam, ƙarfen da ke lamba ta 4 a jadawalin sinadarai, domin tarihinsa ya nuna inda hanya ta biyu kan yi tuntuɓe.

2.0 Asali da Suna

A shekarar 1798 Bafaranshen masani Vauquelin ya gano sinadarin cikin dutsen beril, dangin da zumurrudu ya fito daga cikinsa. Ana haƙo irin waɗannan duwatsu a Gwantu ta Jihar Kaduna da Nasarawa Eggon. Sai a 1828 Wöhler a Jamus da Bussy a Faransa suka tace ƙarfen, kowa da kansa. Da yake gishirinsa na da zaƙi, Faransawa sun daɗe suna kiransa gulusiniyam, daga kalmar Girkanci mai nufin zaƙi. A 1949 aka tsayar da beriliyam a matsayin sunan da duniya ta amince da shi.

3.0 Gauraye da Amfani

Nauyin beriliyam kimanin kashi biyu cikin uku ne na alminiyam, ga shi da wuyar lanƙwasuwa fiye da baƙin ƙarfe, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,287 a ma'aunin Salshiyas. In an zuba kimanin kashi 2 cikin 100 nasa a jan ƙarfe, gamin kan yi tauri matuƙa. Da shi ake ƙera sifirin da guduma da sifana waɗanda ba sa tartsatsi, abin da masu aiki a matatun mai da ma'adinai ke bukata.

Haɗinsa da iskar oksijin kuwa kan ba da wani irin tangaran mai kwashe zafi amma ya hana lantarki wucewa, don haka ake sa shi cikin kayan lantarki. Hasken eksire kan ratsa ƙarfen cikin sauƙi, saboda haka ake yin tagogin na'urorin hoton ƙashi da shi. Haka nan madubai 18 na na'urar hangen taurari ta James Webb, wadda aka harba a 2021, da beriliyam aka yi su, aka shafe su da zinariya.

4.0 Kammalawa

Duk da wannan amfani, shaƙar ƙurar beriliyam kan jawo wani ciwon huhu da ba ya warkewa. Ke nan sunan da ya ambaci zaƙi ya ɓoye guba. Da an fassara shi da "ƙarfe mai zaƙi", da ɗalibi ko maƙeri ya ɗauka ba shi da illa. A irin wannan hali ya fi dacewa a ari kalmar, a daidaita ta da furucin Hausa, sannan a bi ta da bayani.