Duwatsun Murhun Albashi

Matar da za ta tuƙa tuwon shinkafa a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi ba ta ɗora tukunya sai ta daidaita duwatsun murhunta uku. In ɗaya ya nutse, tukunya ta karkace, ruwa ya kashe wuta. Zancen albashi ma kan duwatsu uku yake zaune: gwamnati, ƙungiyoyin ƙwadago, da masu kamfanoni.

A 2024 murhun ya girgiza. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka nemi naira 494,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, gwamnati da 'yan kasuwa suka tsaya kan 60,000, har ranar 3 ga Yuni masu yajin aiki suka kashe babban layin wutar lantarkin ƙasa. A watan Yuli aka daidaita kan 70,000, za a riƙa duba shi duk shekara uku maimakon biyar. Gwamna Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta NUT, ya kai na Kebbi 75,000.

Kukan masu kamfani ba na banza ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin mota da na gyaran inji suka yi sama, ga dizal, ga tsadar shanshera. Mai ƙaramin injin casa zai ce maka: "Ɗan'uwa, in na ƙara albashi, a ina zan fanshe?" Ba shi da ƙarfin manyan kamfanonin casar shinkafa irin su WACOT na Argungu ko Labana na Birnin Kebbi, kuma NECA da ke magana da yawun masu ɗaukar aiki tun 1957 tana can Legas.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne waɗanda tukunyar ba ta dafa musu komai ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da na gona. 'Yan dakon da ke loda buhuna da matan da ke shanyar shinkafa duk suna waje. Dokar ƙwadago kuwa tun 1974 take.

Mai injin da ke gudun ƙungiya yana cutar kansa. Da wakili ɗaya ake ciniki a gama. In babu shi, ranar da kaya suka taru a tsakiyar kaka ma'aikata za su watse ba sallama. Gyaran doka ya kamata ya ba ƙananan masu injinan Kebbi da leburorinsu kujera a kwamitin albashi na gaba.