Tirelar Titin Challawa Da Lissafin Birki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Panshekara da safe ya san yadda tireloli ke fitowa daga masana'antun Challawa, ga 'yan adaidaita sahu suna kutsawa tsakaninsu, ga 'yan makaranta suna jiran su tsallaka. Mu da muka yi sakandare a Kumbotso mun sha tsallaka wannan titi da gudu, ba mu san darasin Fiziks ɗin da muke gyangyaɗi a cikinsa ne yake wucewa ta gabanmu ba.

Sauri shi ne nisan da abu ya ci a raba da lokacin da ya ɗauka. Agogon mota yana nuna kilomita a awa, amma takardar WAEC mita a sakan take so. A raba da 3.6 kawai: kilomita 36 a awa mita 10 ne a sakan, 72 kuma mita 20.

Ƙaruwar sauri ita ce ta fi rikita mu a aji. Idan adaidaita ya tashi daga tsaye ya kai mita 10 a sakan cikin sakan biyar, to kowane sakan yana ƙara mita 2 a kan saurinsa. Tirelar da ta ɗauko kaya daga Sharada ba za ta tashi haka ba. Isaac Newton ya bayyana dalili tun 1687: idan ƙarfin turawa ɗaya ne, gwargwadon nauyin abu, gwargwadon jinkirin ƙaruwar saurinsa.

Taka birki ma sauyin sauri ne, sai dai raguwa ce. Mu ƙaddara birkin tirela yana rage mita 5 a kowane sakan, direba kuma yana ɗaukar sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Idan yana tafiyar kilomita 36, zai ci mita 10 kafin ya taka, sannan wasu 10 kafin motar ta tsaya. Idan 72 yake yi, mita 20 za su wuce tun bai taka ba, birkin kuma ya ci mita 40. Saurin ya ninka sau biyu, nisan birki ya ninka sau huɗu, domin ana ninka saurin ne da kansa a lissafin. Jimilla mita 60, fiye da rabin filin ƙwallo. Wannan ma idan birkin lafiyayye ne, titin kuma a bushe; da damina lissafin ya fi haka muni.

Sai mu juyo kanmu. Tsallaka titi mai faɗin mita 7 da tafiyar ƙafa yana ɗaukar kimanin sakan biyar. A cikin sakan biyar ɗin nan, tirelar da muke hangowa can nesa muna cewa "ai da saura" ta riga ta ci mita 100.