Daga Nyos zuwa Banyo: In Ƙasa Ta Motsa, Wa Ya San Abin Yi?

A ƙasar Kamaru, motar da ta tashi daga Banyo ta nufi Bafusam ta hanyar Fumban tana wucewa ba nisa da wani ƙaramin tafki mai suna Monun. A watan Agusta na 1984 tafkin nan ya amayar da wata iska da ta kashe mutum 37. Shekara biyu bayan haka, a daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke yankin Arewa maso Yammacin ƙasar ya yi irin wannan aman, ya halaka mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, galibinsu shanun Fulani.

Tafkunan biyu suna zaune ne a bakin tsofaffin duwatsu masu aman wuta, cikin jerin da ya biyo ta Dutsen Kamaru a gaɓar teku ya miƙe har tsaunukan Adamawa. Iskar kabon tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa, ta taru a gindin ruwa shekara da shekaru. Zaftarewar dutse ko 'yar girgizar ƙasa na iya tunzura ta, ta fito gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, sai ta bi kwari kamar ruwa, ta shaƙe duk mai numfashi. Haka ta ratsa ƙauyukan Nyos da Ca da Subum, mutane da yawa suna kwance. Waɗanda ke can saman tuddai da dama sun tsira, kuma wannan shi ne abin da ya kamata kowane makiyayi ya riƙe: a hau sama, kada a gangara kwari.

Hukuma ta yi nata. An kafa bututun zuƙe iskar a Nyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011, Monun ma ya samu nasa a 2003. Nijeriya kuma ta gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba, don tare ambaliya in bangon tafkin Nyos ya ɓalle.

Sai dai bututu ba ya koya wa mutumin ƙauye komai. Kuma ban da iskar tafki, akwai girgizar ƙasa: a 1987 ƙasa ta girgiza a wajen Tibati, maƙwabciyar Banyo, kuma gidajen karkarar nan na tubalin laka ne, masu saurin tsagewa. A rugar da damina ke yanke mata hanya, in gida ya rushe, maƙwabci ne zai fara tono maƙwabcinsa kafin wata mota ta iso daga Ngaundere.

Saboda haka aikin yana hannun fadar Lamiɗon Banyo da jauro-jauro da limamai da gidajen rediyo. Su faɗa wa jama'a da Fulatanci da Hausa cewa in ƙasa ta motsa a nisanci katanga, a taru a filin da aka riga aka sani, a ƙirga kowa da kowa. In an ga tsuntsaye da dabbobi suna faɗuwa kusa da tafki, kada a tsaya kora shanu, a kama tudu.