Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Hoto Ya Dusashe a Waya?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, Kano. Ya ce abokin cinikinsa ya turo masa hoton rasit ta WhatsApp, amma rubutun ya dusashe, ba a gane ko buhu 30 aka rubuta ko 80, har abin ya kusa jawo rigima. Shi ne yake tambaya, me ke cinye hoto a hanya?

To Alhaji, mun gode. Ka san ita kwamfuta, haka ma waya, lissafi kawai ta sani. Idan ka ɗauki hoto, sai ta yanka shi ƙananan ɗigo-ɗigo, layi-layi, kamar saƙar tabarma. Kowane ɗigo yana da lambobi 3: na ja, na kore, da na shuɗi, kowace lamba daga 0 zuwa 255. Idan duk ukun 0 ne, baƙi ke nan; idan duk 255 ne, fari fat. Hoto mai ɗigo 1,000 a tsaye da 1,000 a kwance, lambobi miliyan 3 ke cikinsa. Buɗe hoto shi ne karanto lambobin nan a jere su, ajiye shi kuwa shi ne rubuta su. Tun 1957 wani masani a Amurka, Russell Kirsch, ya mai da hoton jaririnsa lambobi ta wannan hanya.

To amma lambobin nan suna da nauyi. Shi ya sa a 1992 aka fito da tsarin JPEG, wanda ke zubar da wasu bayanai don kayan su yi sauƙin ɗauka. A hoton saniya ba lallai ka lura ba, amma ƙananan rubutu su ke shan wahala. Ita ma WhatsApp tana ƙara matse hoto kafin ta tura. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa.

Saboda haka Alhaji, a ɗauki rasit kusa-kusa, a cikin haske. Wajen turawa, a zaɓi inda aka rubuta Document, don ya isa yadda yake. Takardar asali kuma a adana ta, ita ce shaida.

Da fatan Alhaji ya gamsu.