Ko ka san libarba ta farko ɗurin bindigar toka ake yi mata?

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi a dazukan Gwaram ko gindin duwatsun Birnin Kudu yana ɗura bindigarsa ya san aikin: a zuba albarushi ta baki, a tura tsumma, a sa harsashi, a danna da sanda. Harbi ɗaya ne. In ka kuskure gwanki, kafin ka sake ɗuri ya kai ƙasar Bauchi.

To, libarba, wadda ake gani a finafinan Amurka tana aman wuta ba ƙaƙƙautawa, daga wannan ɗurin ta faro. Wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a 1836, aka ƙera ta a garin Paterson, ba ta san harsashi mai kwanso ba sam. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai ramuka 5 a bayan bututu, kowane rami a zuba masa albarushinsa, a danna masa dalmarsa, a kafa masa ɗan ƙoƙon tagulla mai tayar da wuta. Kana ɗana ta, dunƙulen ya juya, sabon rami ya daidaita da bututu. Wato bindigogin toka biyar ne aka haɗa wuri guda suna karɓa-karɓa da baki ɗaya. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai, domin Colt bai sauya albarushi ba, bai sauya dalma ba, jiran da ke tsakanin harbi da harbi kawai ya kashe.

Har cututtukan libarbar da na bindigar toka iri ɗaya ne. Colt Walker ta 1847, mai ramuka 6 da nauyin kusan kilo 2, ta yi suna wajen fashewa idan aka cika mata albarushi, abin da ke cinye yatsun maharbanmu har gobe. Wani lokaci kuma tartsatsi ya tsallaka ramin maƙwabta, biyu ko uku su tashi lokaci guda, shi ya sa ake shafe bakin ramukan da kitse.

Jikokinta na yanzu sun zama dodanni. A 2003 kamfanin Smith & Wesson ya fito da Model 500, ita ma mai ramuka 5. A Alaska, masu kamun kifi da masu shiga daji mai nisa kan rataya manyan libarba a ƙirji saboda dabbar beyar, wadda ba ta ba mutum sararin sake ɗuri.

A nan gida kuwa maharbi ba zai rataya ta ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta jera libarba a sahu ɗaya da bam da bindiga mai sarrafa kanta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Doguwar bindigar toka, kakar tata, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da izininta.